Shekarar da Ba Ta Fara a Janairu Ba

Ni ce na ce wa Anti ta bari sai Janairu. Da wannan nake so in fara, domin duk wanda ya tashi ba da labarin nan a cikin mutanenmu na Greensboro yakan tsallake wurin in ina zaune, in ba na nan kuma da shi yake farawa.

Anti maƙwabciyata ce a lokacin. Muna haya a wasu benaye masu hawa biyu a bayan Gate City Boulevard, ita da mijinta a ƙasa, mu a sama. 'Yar Filato ce, Kirista, ta girme ni da kusan shekara ashirin. Ranar da muka tare ta jiyo ina yi wa maigidana mita da Hausa a kan yadda yake jan katifa a matattakala, sai ta buɗe ƙofa ta ce, "Sannunku da zuwa. Ku bi ta gefen bango, ƙarfen nan yana yaga kaya." Daga ranar muka saba.

Aikinta wanki ne a wani gidan kula da tsofaffi a kan hanyar Summerfield. Zannuwan gado, tawul, rigunan tsofaffin, tun shida na safe har biyu da rabi na rana. Shekara goma sha huɗu tana wurin. Mijinta, wanda kowa ke kira Baba, hedimasta ne a gida kafin su zo. A nan ya yi ta ƙananan ayyuka har ciwon sukari ya taɓa masa ido ya zauna. Bai kai shekarun da gwamnati ke ɗaukar nauyin lafiyar tsofaffi ba, saboda haka inshorar wurin aikin Anti ce take riƙe da shi. 'Yarsu ɗaya, tana koyarwa a wata kwaleji a Ohio.

Ni kuma a ofishin wani kamfanin rarraba kujeru da gadaje nake, aikina takardu ne daga safe har yamma. Saboda haka duk wanda wasiƙa ta rikita a cikin mutanenmu, ni yake kawo wa. Na makarantar yara, na asibiti, na mai gidan haya. Baba ne ya fara kirana Lauya, sauran suka ɗauka. Ba zan ɓoye ba, sunan yana yi mini daɗi.

Akwai doka a ƙasar nan da ta ba ma'aikaci hutun mako goma sha biyu a shekara, in ya haihu, ko ya kwanta rashin lafiya mai tsanani, ko zai yi jinyar mijinsa ko matarsa ko ɗansa ko iyayensa. Ba a biyan albashi a cikin hutun, amma ba a korar mutum, kuma inshorarsa tana nan. Na san dokar da jikina. Na haifi 'yan biyu a tsakiyar Nuwamba, na ci mako bakwai kafin shekara ta ƙare, da Janairu ta kama sai aka ce mini ga wasu sha biyun sababbi, na haɗa na zauna a gida har ƙarshen Maris. Abokan aikina suna ta cewa na iya zaɓen watan haihuwa.

Mahaifiyata ba ta samu biza ba a wannan haihuwar. Anti ce ta yi mini jego. Tana dawowa daga aiki, ko takalmi ba ta cirewa a gidanta, sai ta hawo sama ta ɗora ruwan zafi. Ita ta dama mini kunun kanwa, ita ta koya mini yadda zan shayar da biyu a lokaci ɗaya, ita ta riƙa goya ɗaya in ɗayan ya hana ni sakat. Tun daga lokacin ba ta ƙara kiran sunana ba, sai Maman biyu.

Yaran suna shekara huɗu ƙafar Baba ta fara. Ɗan ƙaramin rauni ne a yatsa, bai ma ji shi ba, sai wari ya tona shi. A tsakiyar Agusta aka kwantar da shi, aka cire yatsu biyu. Anti ta nemi hutun nan na doka. Ta hawo da takardun a cikin ledar kantin magani, muka zauna a teburin cin abincina, na cike mata wuraren cikewa, na nuna mata inda za ta sa hannu. Ba Turanci ne ba ta ji ba, ta fi ni iya shi a baki. Takardar hukuma ce take faɗar mata da gaba. Shafi huɗu ne ko biyar. Na karanta na farko, na duba inda likita zai cike, sauran na juya su da yatsa ina yi wa yara tsawa su bar rimot.

Ta ci makonnin nan goma sha biyu cif, ta koma aiki a makon farko na Nuwamba. Raunin bai warke ba. Kullum da yamma in na sauko nakan tarar da ita a durƙushe tana canza bandeji, Baba ya juya fuska yana kallon labarai. A farkon Disamba likita ya ce babu sauran dabara, za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya ba su zaɓi biyu, mako guda kafin Kirsimeti ko mako na biyu na Janairu.

Ranar Asabar ce da rana, a kicin ɗinta. Tana tuƙa gwate, wayarta a kan firji, 'yarta tana magana daga Ohio muna ji duka. Yarinyar ta ce a yi a Disamba. Kwalejinsu tana rufewa mako uku, za ta zo ta zauna da babanta, mamanta ta ci gaba da zuwa aiki, kafin ta koma kuma an san inda aka dosa.

Na ce, "Mako uku ina zai kai ku? Mutumin da aka yanke wa ƙafa? Ku bari sai Janairu. Ranar ɗaya ga wata Anti tana da sabon mako goma sha biyu. Ta zauna da mijinta hankali kwance har Afrilu."

Yarinyar ta ce, "Maman biyu, kin tabbata? Ni na ji kamar ba ko'ina yake haka ba."

Na ce, "Ni da na yi? Ki tambayi mamanki wata nawa na yi a gida da yaran nan. Dokar ƙasa ce, ba ta kamfani ba."

Anti ta kalli Baba, da ke zaune a falo ƙafarsa a kan matashi. Ya ce, "Tunda Lauya ta faɗa, ai shi ke nan. Ko ba komai in ci Kirsimeti da ƙafata biyu." Muka yi dariya har da shi. Aka sa rana a Janairu. Yarinyar ta zo Kirsimeti ta yi kwana biyar ta koma, sauran hutun ta karɓi aikin duba jarrabawa.

Wurin aikin Anti ba su suke kula da maganar hutu da kansu ba, wani kamfani ne na daban ake kira ta waya. Ta kira su kafin Kirsimeti kamar yadda na ce mata. Bayan kwana kaɗan wasiƙa ta zo, ta kawo mini. Layin farko ya ce ta cika sharuɗɗan dokar. Na buga takardar da bayan hannu na ce, "Kin gani? Sun amince." Daga baya na gane cewa abin da layin yake nufi shi ne tana cikin irin ma'aikatan da dokar ta shafa. Ko akwai sauran kwana a hannunta, wannan wata takarda ce daban, sai likita ya mayar da fom ɗinsa za a aiko ta. Ofishin likita kuwa ya riƙe fom ɗin har bukukuwa suka wuce.

Aka yi tiyata. Baba ya yi kwana goma a asibiti, Anti tana gefensa. Kwana biyu da dawowarsu gida takarda ta biyu ta iso. Da na dawo daga aiki na tarar da ita a tsaye a ƙofarta, rigar sanyin Baba a jikinta, ambulan a hannunta a buɗe.

Ta ce, "Maman biyu, karanta mini wannan. Na karanta sau uku, ina jin idona ne."

Ba idonta ba ne. Takardar ta ce hutunta ya ƙare tun Nuwamba, ba ta da ko kwana ɗaya, kuma duk ranakun da ba ta je aiki ba tun daga tiyata ba sa ƙarƙashin kariyar doka. Na ce kuskure ne. Na ce kwamfutarsu ce ba ta juya shekara ba. Na faɗa da ƙarfi, irin yadda nake magana in ana saurarena. Washegari na nemi izini a wurin aikina, maigidana ya zauna da Baba, na ɗauke ta a mota muka nufi hanyar Summerfield.

Ban taɓa shiga wurin aikinta ba sai ranar. Muka wuce gonakin dawaki da fararen shinge, muka shiga harabar. A baranda wata tsohuwa a keken guragu ta riƙe hannun Anti tana tambayarta ina ta shiga, zanen gadonta ya daina ƙamshi. Ofishin ma'aikata ɗan ƙaramin ɗaki ne kusa da ƙofar shiga. Matar da ke ciki ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba. Ta tashi ta rungumi Anti, ta tambayi jikin Baba, ta matso da kwalin tishu gabanmu tun kafin kowa ya yi kuka.

Ni na fara magana. Na ce an yi kuskure, sabuwar shekara ta shigo, doka ta ce mako goma sha biyu a kowace shekara. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce doka ba ta ce shekara ba, cewa ta yi wata goma sha biyu, kuma ta bar wa mai kamfani ya zaɓi yadda zai ƙirga su. Hanya huɗu ce. Yana iya bin kalanda, daga Janairu zuwa Disamba. Yana iya tsayar da wata shekara tasa, kamar daga ranar da aka ɗauki mutum aiki. Yana iya farawa daga ranar da mutum ya fara hutun ya ƙirga gaba. Ko kuma ya ƙirga baya. Su baya suke ƙirgawa.

Anti ta ce, "Baya kamar yaya?"

Matar ta jawo kalandar tebur, ta ɗora biro a kan ranar tiyata. Ta ce, "Duk ranar da kika nemi hutu, a kan ranar muke tsayawa, mu waiwaya wata goma sha biyu. Abin da kika ci a cikinsu, mun cire." Ta riƙa juya shafuka baya, Disamba, Nuwamba, Oktoba, Satumba, ta tsaya a Agusta. "Ga makonninki goma sha biyu nan, duk suna ciki."

"To yaushe zan samu wani?"

"Tsakiyar Agusta. Shi ma ba gaba ɗaya ba. Kowace rana da kika ci bara, sai ta cika shekara take dawo miki. Ɗaya bayan ɗaya."

Anti ta juyo ta ce mini da Hausa, a hankali, "Wata bakwai ke nan."

Na ce wa matar ba a taɓa gaya mata haka ba, kuma ba a ɓoye wa ma'aikaci irin wannan. Ta ce gaskiya ne, ba a ɓoyewa. Ta buɗe fayil ta zaro kwafin takardun Agusta, ta juya zuwa shafi na biyu, ta miƙo. Layuka huɗu ne, kowanne da ɗan akwati a gefensa. An yi wa na huɗu alama. A saman shafin ga sunan Anti da adireshinta da lambar wayarta, da rubutun hannuna, da shuɗin biron da nake sa wa yara hannu a littafin makaranta.

Na daɗe ina kallon shafin. Anti ma ta gane rubutun, na san ta gane, amma ba ta kalle ni ba. Tambaya ɗaya ta ƙara yi, ta ce shekara goma sha huɗu da ta yi, sau nawa ta makara? Matar ta ce ta sani, kowa ya sani, shi ya sa ma manaja ya yarda a yafe ranakun da suka wuce. Amma dole ta dawo ranar Litinin. In ba ta dawo ba, ƙa'idar fashin aiki za ta hau kanta kamar kowa. In suka yi mata abin da ba su yi wa wani ba, in ji ta, su ne za su shiga matsala.

Har yau in na tuna matar nan, ba muguntarta nake tunawa ba, domin ba ta yi ba. Ladabinta nake tunawa. Ta rako mu har mota, ta ce za ta sa Baba a addu'a.

A hanya na fara magana sau biyu, Anti ta ce, "Ki kula da tuƙi." Sai da muka shigo gari ta ce in tsaya a kantin 'yan Afirka ta sayi acca, Baba ba ya cin komai sai ita.

Kwana huɗu suka rage kafin Litinin, na yi su ina buga waya. Matan cocinsu suka yi alkawarin abinci, kuma sun cika, firji har ya ƙi rufuwa. Amma ba abinci ne matsalar ba. Mutum ake buƙata da zai ɗaga Baba daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, ya tsaya ya jira shi. Mazan duk suna aiki da rana, namu da nasu. Mata biyu suka ce za su iya, ɗaya daga coci, ɗaya wata Hajiya da ta yi aikin jinya shekaru. Baba ya ƙi. Ya ce shi da ya yi hedimasta shekara ashirin ba zai tsufa matar wani tana zare masa wando ba. Anti ta roƙe shi, fasto ya zo ya roƙe shi. Ya ce a ajiye masa ruwa da waya da abin fitsari kusa, zai iya har ta dawo. Nas ɗin da inshora ta turo sau biyu take zuwa a mako, minti arba'in, ta duba rauni ta tafi. Na kira 'yarsu, ta ce zangon karatu ya fara, kuma ba ta cika shekara a kwalejin ba, dokar ma ba ta san da ita ba tukuna. Sai ta kashe wayar.

Anti ta koma aiki ranar Litinin. Kafin in fita da safe nakan leƙa in gaishe shi, in matso masa da abin da yake so. Ya yi Litinin, ya yi Talata, ya yi Laraba. Ranar Alhamis cikinsa ya juya wajen sha biyun rana, ya ƙi yin abin a inda yake zaune, ya ja keken zuwa ƙofar banɗaki, keken ya ƙi shiga, ya miƙe da ƙafa ɗaya. Anti ta same shi ƙarfe uku da kwata a ƙasa, tsakanin baho da bango, ɗinkin ya buɗe, wayar tana can kan teburin falo. Ya ce mata ya yi ta kira da farko, da ya ga ba kowa a ginin sai ya yi shiru.

Aka mayar da shi asibiti. Anti ba ta je aiki Juma'a ba, ba ta je Litinin ba. A mako na gaba takarda ta uku ta zo. Wannan ba ta kawo mini ba. A bakin wata mata na ji cewa an sallame ta, an ce tana iya sake neman aikin in ta shirya, a matsayin sabuwa. Inshorar za ta tsaya a ƙarshen wata, sai in za ta ci gaba da biya da kanta, ita da ba ta da albashi.

Ban haƙura ba, ko kuma in ce ban iya zama ba. Na roƙe ta ta ba ni fayil ɗin, ta miƙo ta bakin ƙofa. Na kai wani ofishin lauyoyi da ke taimakon marasa hali a cikin gari, ba nisa da tashar bas. Na zauna a layi tun safe har azahar. Lauyan dattijo ne mai haƙuri, ya karanta kowane shafi, har da waɗanda ni ban karanta ba. Tambaya biyu ya yi mini. Kamfanin sun zaɓi hanyar nan tun kafin ta nemi hutu, ko daga baya suka ɓullo da ita? Na ce tun kafin. Haka suke yi wa kowa? Na ce haka matar ta ce. Ya ce da ba su zaɓi komai ba, da doka ta ba ta hanyar da ta fi yi mata daɗi, da ta yi nasara. Amma sun zaɓa, sun kuma rubuta. Ya rufe fayil ɗin ya ce babu inda suka taka doka.

Na ce masa to me ya sa ni aka ba ni mako goma sha tara a jere? Ya ce saboda masu irin abin da na yi ne ma kamfanoni da yawa suke gudun bin kalanda.

Na fito na tsaya a bakin titi ina kallon bas suna shiga suna fita. Abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne babu wanda zan kama. Gini ɗaya muke kwana ni da Anti, doka ɗaya, gari ɗaya, amma tawa shekarar tana sabunta kanta ranar ɗaya ga Janairu, tata kuma tana bin ta a baya duk inda ta sa ƙafa. Wani mutum da bai taɓa ganin ɗakin wankin nan ba ya zauna wata rana ya yi alama a akwati na huɗu, ya tafi cin abincin rana. Wannan ɗacin yana nan har yanzu. Amma na san rabinsa ina riƙe da shi ne don kada in kalli ɗaya rabin. Shafin ya kwana a kan teburina. 'Yar Anti ta tambaye ni ko na tabbata.

Mutanenmu ba su ce mini komai a fuska ba. A wani suna da aka yi a watan, wata ta fito da wasiƙa daga jaka za ta miƙo mini, ta kusa da ita ta taɓa mata gwiwa, wasiƙar ta koma jaka. Maigidana ya ce in daina sa abin a rai, niyyata mai kyau ce, kuma abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Na ce masa na sani. Na kuma ce masa kada ya ƙara faɗa mini.

Na je na ba Anti haƙuri sau ɗaya, da gaske, a durƙushe a falonta. Baba yana ɗaki. Ta ce, "Tashi, Maman biyu. Ni ma ina da ido, da na karanta." Ta shiga kicin ta zubo wa yara gyaɗa a leda. Da ta zage ni, da na samu abin riƙewa. Ta ci gaba da amsa gaisuwata, tana tambayar makarantar yara, amma ba ta ƙara hawowa sama ba, ni ma na daina shiga ba sallama kamar da. Baba kuwa tun daga faɗuwar nan ya rage magana da kowa. In na gaishe shi sai ya ce, "Lafiya lau, Malama."

A tsakiyar Maris 'yarsu ta zo da motar kaya. Ta samu gida mai ɗaki biyu a ƙasa, marar matattakala, ta kuma fara neman yadda za a sa babanta a tsarin lafiya na can. Mazan coci da maigidana suka yi lodi. Ina sauko da kwalin kwanuka muka haɗu da ita a matattakala, babu hanyar kaucewa.

Ta ce, "Da an yi a Disamba, ina nan ranar da zai fara shiga banɗaki."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "Ban ce ki amsa ba," ta karɓi kwalin daga hannuna ta wuce.

Anti ta bar mini bokitai uku da take shuka yakuwa da tattasai a bayan gini, ta ce ba wuri a mota. Ta rungumi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta ce su riƙa jin magana. Ni ta riƙe hannuna ta ce, "Sai Allah ya sake haɗa mu." Aka ɗaga Baba aka sa shi a gaba, motar ta fita ta bi babban titi.

A kaka ta shekarar, wata safiya a wurin aikina, saƙo ya shigo wa kowa daga ofishin ma'aikata. Daga sabuwar shekara kamfaninmu zai daina bin kalanda wajen hutun iyali, zai koma ƙirga baya. Sun ce suna sanar da mu kwana sittin kafin lokaci kamar yadda doka ta tanada. Saƙon yana tsakanin na gyaran wurin ajiye motoci da na liyafar ƙarshen shekara. Na ɗaga kai na duba ofis, kowa yana aikinsa. Wata yarinya da ke zaune kusa da ni tana da ciki wata biyar, na ce mata ta buɗe saƙon ta karanta har ƙasa, in ba ta gane ba ta je ta tambaye su da kanta, su rubuta mata amsar. Ta ce ni in gaya mata mana, ai na san abubuwan nan. Na ce a'a.

Nakan kira Anti a Kirsimeti da Ista, ita kuma takan turo saƙon barka da Sallah. Kiran da na yi na ƙarshe ta ce an yi wa Baba ƙafar roba, yana takawa daga ɗaki zuwa falo da sanda, amma ba ya son fita. Ita ta samu aikin rabin rana a kicin ɗin wata makarantar yara, ba inshora, amma kusa da gida. Ta tambayi 'yan biyu, na ce sun shiga aji biyu. Ta ce ikon Allah. Na so in ba ta labarin saƙon wurin aikinmu, na rasa me zai amfana mata. Ina jin talabijin a bayanta. Sai ta ce Baba yana kira, in gaida maigidana.